Tabar siga ta naɗin hannu: a saya a ƙananan shaguna ko a nemi ta manyan kamfanoni?

Sadauki_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Aiki zai kai ni birnin Tampa da ke jihar Florida a ƙarshen watan Nuwamba, kuma wani dattijo ɗan asalin Labanan da muka daɗe muna harkar kasuwanci da shi a Kano ya roƙe ni in taho masa da tabar siga, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba zalla ba tare da takarda ba. Ya ce ba ya son ta filin jirgi, ya fi son ta ƙananan shagunan unguwar Ybor City, inda mai naɗi yake zaune a bakin taga yana aikinsa kowa yana gani. Ni ba na shan taba, saboda haka ba ni da ma'aunin da zan gane mai kyau da marar kyau. Shin tabar waɗannan shaguna ta kai ta manyan kamfanoni inganci, ko kuwa kuɗin kallo kawai baƙo yake biya? Me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗi, kuma ta yaya zan iso da ita Kano a tsakiyar hunturu ba tare da ta lalace ba?

Injiniya_Orlando:
Wa alaikumus salam, Malam Sadauki. Dattijon naka ya san inda ya aike ka. Wani ɗan kasuwa mai suna Vicente Martinez Ybor ne ya kafa unguwar a tsakiyar shekarun 1880, bayan ya baro Key West da masana'antarsa, kuma a shekarar 1929 masana'antun Tampa sun naɗa siga kimanin miliyan 500. Yanzu babbar masana'anta guda ce ta rage tana aiki, wato El Reloj ta kamfanin J.C. Newman, wadda aka gina a 1910, sai kuma ƙananan shagunan da ke jere a titi na bakwai. Amma ina so ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka shiga kowane shago: ganin mutum yana naɗi a gabanka ba ya nufin duk abin da ke cikin kantar shagon shi ya naɗa. A wasu wuraren mai naɗin yana yin kaɗan ne a taga, yawancin kayan kuwa daga Nikaragua ko Jamhuriyar Dominika ake shigo da su a ɗaure, a sanya musu sunan shagon. Wannan ba laifi ba ne idan an gaya maka, domin tabar tana iya zama mai kyau ƙwarai, amma haƙƙinka ne ka tambaya kai tsaye: wanne aka naɗa a nan, wanne aka kawo daga waje?

DanZongo_Bronx:
Ina goyon bayan Injiniya. Mu a nan Bronx muna maƙwabtaka da 'yan Dominika, kuma akwai ƙananan shagunansu inda mutum biyu ko uku suke zaune a teburi suna naɗi daga safe zuwa yamma. Wani dattijo daga cikinsu, wanda ya koyi sana'ar a garin Tamboril kusa da Santiago, ya taɓa nuna mini yadda aikin yake, kuma tun daga ranar nake girmama sana'ar ko da yake ba na sha. Kara ɗaya kashi uku ne. Akwai ganyen ciki, wanda ake haɗawa daga sassa daban-daban na tsiron, domin ganyen ƙasa shi ne mai saurin cin wuta, na tsakiya shi ne mai ƙamshi, na sama wanda ya fi shan rana shi ne mai ƙarfi. Sai ganyen ɗauri da ake naɗe na cikin da shi, a jera a cikin wani katako mai ramuka a matse. Daga ƙarshe sai ganyen rufi, wanda ya fi kowanne tsada, a yanka shi da wata faffaɗar wuƙa marar ƙota da suke kira chaveta, a miƙar da shi a naɗe, a liƙe kan da ɗan ƙaro marar ɗanɗano.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko ganyen cikin dogaye ne cikakku daga wannan kai zuwa wancan, ko kuwa guntayen da suka rage a teburi ne aka tara aka rufe da ganye mai kyau. Duka biyun ana naɗa su da hannu, duka biyun ana sayar da su a shago ɗaya, amma kuɗinsu bai kamata ya zama ɗaya ba.

Hajiya_Damagaram:
Malam Sadauki, ban san komai game da ingancin taba ba, amma ina ganin ya dace wani ya faɗa tun da wuri cewa malamai da yawa sun tafi a kan haramcin shan taba, wasu kuma sun ce makaruhi ne, kuma wanda ya saya ya ɗauko ya kai yana da nasa kason a cikin lamarin. Da ni ce da na nemi wata tsarabar na ba dattijon haƙuri.

Sadauki_Fagge:
Na gode Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Maganarki tana kan hanya, kuma na tuntuɓi wani malami a kanta kafin in rubuto. Ban yanke shawara ta ƙarshe ba tukuna, amma ina so in san gaskiyar kayan, domin ko da zan ƙi ɗaukowa ya kamata in san abin da nake magana a kai idan na zauna da mutumin.

Likita_Habana:
Na yi karatun likita a Kyuba, saboda haka zan yi magana ta fuska biyu. Ta fuskar lafiya, kada kowa ya ɗauka cewa don ganye ne zalla kuma an naɗa da hannu to ba shi da illa. Babbar siga ɗaya tana iya ɗaukar taba daidai da ta kwalin sigari guda, kuma ko mutum bai zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba, sinadarin nikotin yana shiga jini ta fatar baki. Ciwon dajin baki da na harshe da na maƙogwaro da na hanyar abinci duk an tabbatar da alaƙarsu da ita. Idan dattijon yana da hawan jini ko ciwon zuciya, wannan tsaraba ba taimako ba ce gare shi.

Ta fuskar ciniki kuwa, abin da na gani a Kyuba ya koya mini cewa a harkar nan mutum yana sayen amanar mai naɗi ne kafin ya sayi taba. A titunan Habana samari suna tare baƙi su ce musu ɗan'uwansu yana aiki a masana'anta, ko kuma su ce yau ce ranar da aka yarda ma'aikata su sayar da rabonsu a rabin kuɗi, su ja mutum zuwa wani ɗaki a nuna masa akwatuna. Wani baƙo da ya ziyarce mu ya sayi irin wannan akwati mai murfin gilashi da sunan Cohiba, shahararriyar sigar Kyuba, a jiki, alhali kamfanin ba ya yin akwati mai murfin gilashi. Da muka tsaga kara ɗaya, abin da ke ciki shara ce ta teburi da guntayen jijiyar ganye. A ɗaya ɓangaren, a kwarin Viñales da ke lardin Pinar del Río, manomi zai zaunar da kai a rumfar shanya taba ya naɗa maka a kan cinyarsa, ba zoben takarda mai ɗauke da sunan kamfani, ba akwati, ya ɗaure maka goma ko ashirin a cikin ɓawon bishiyar dabinon yankin. Manoman suna cewa kashi 90 cikin 100 na amfaninsu gwamnati suke sayar wa, ragowar su ne nasu. Naɗin nasu bai kai na masana'anta kyan gani ba, amma ba su yi maka ƙaryar suna ba, kuma wannan a wurina ya fi akwatin jabu daraja nesa ba kusa ba.

Injiniya_Orlando:
Likita ya taɓo wani abu da Malam Sadauki zai ci karo da shi a Tampa. Zai ga an rubuta Kyuba a allunan shaguna da yawa, to ya sani babu tabar Kyuba ta halal a kasuwar Amurka tun da Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba takunkumi a watan Fabrairun 1962. Kafin wannan lokaci da ganyen Kyuba masana'antun Tampa suke aiki, kuma yankewar ganyen na cikin abubuwan da suka durƙusar da su. An ɗan sassauta wa matafiya a zamanin Obama, amma a watan Satumban 2020 aka sake hana shigowa da ita ko da a jakar hannu. Abin da allon yake nufi shi ne ko dai mai naɗin ɗan Kyuba ne, ko kuma irin da aka shuka asalinsa daga Kyuba yake amma a Nikaragua ko Honduras ko Dominika aka noma shi. Hatta Cohiba da Montecristo da ake sayarwa a Amurka bisa doka ba na Kyuba ba ne, wasu kamfanoni ne suke yin su da sunan. Duk wanda ya jawo ka gefe ya ce yana da ta Kyuba a ƙarƙashin teburi, ko dai jabu ce ko ta fasa-ƙwauri, kuma babu alheri a ko ɗaya.

Baban_Iman:
Ni ina da ra'ayi dabam da na yawancin waɗanda suka yi magana, kuma na daɗe ina sha kafin in daina. Idan tsaraba za ka kai wa mutumin da kake ganin girmansa, ka sayi akwatin kamfanin da aka sani. Dalilina shi ne babban kamfani yana da jarin da zai sayi ganye ya ajiye shi shekaru kafin ya taɓa shi, yana da ɗakin da ake kwantar da sigar bayan naɗi na tsawon makonni ko watanni, yana da na'urar da ke gwada ko iska tana wucewa ta cikin kowane kara. Ƙaramin shago ba shi da wannan ƙarfin, yana sayen ganye ne daga dillali gwargwadon abin da aljihunsa ya ba shi, shi ya sa abin da ka saya a wurinsa bana zai iya bambanta da na baɗi ko da sunan bai canza ba. Kyan hannun mai naɗi ba ya gyara ganyen da bai tsimu ba.

DanZongo_Bronx:
Baban Iman, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma ban yarda da cewa ƙaramin shago ba ya samun ganye mai kyau ba. Yawancin masu naɗin nan a manyan masana'antun Santiago ta Dominika da Estelí ta Nikaragua da Habana suka yi ƙuruciyarsu, sun san dillalan, sun san ganye tun daga warinsa. Kuma kada a manta manyan ma daga ƙaramin teburi suka faro, domin Arturo Fuente a Tampa ya fara a 1912 kafin iyalinsa su koma Dominika da aikin. Bambancin da na gani shi ne a ƙaramin shago kana iya magana da mutumin da ya yi aikin, ka ce masa wanda za ka kai wa dattijo ne mai son mai sauƙi, ya rage ganyen sama ya haɗa maka daidai. Babu akwatin kamfanin da zai yi maka haka.

Baban_Iman:
Na yarda da batun haɗawa daidai da buƙata, amma wannan amfani ne ga wanda ya san abin da yake so kuma zai dawo gobe idan bai ji daɗi ba. Malam Sadauki ba ya sha, kuma daga Kano ba a mayar da kaya Tampa.

Mai_Nazari_Samaru:
Ina so in yi ƙarin bayani a kan tsimuwar ganye da Baban Iman ya ambata, domin a nan ne amsar tambayar farko take. Bayan an tsinke ganyen ana rataye shi a rumfa kimanin wata ɗaya da rabi zuwa biyu har ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa. Daga nan sai a yayyafa masa ruwa a jibge shi tuli-tuli, nauyinsa da laimarsa su haifar da zafi a tsakiya, ana auna zafin ana juya tulin don kada ya ƙone. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda ake rufe kalwa don yin daddawa ya san irin warin da ke tashi mai hawa hanci, to irinsa ne yake fita daga tulin taba, domin iskar ammoniya ce ganyen yake fitarwa. Idan ba a bar shi ya gama fitar da ita ba, tabar za ta yi ɗaci ta riƙa yankan maƙogwaro.

Abin da ya shafi mai saye a shago shi ne, kafin a naɗa dole a sake jiƙa ganyen don ya yi laushi, kuma wannan laimar tana ɗan tayar da tsimuwar daga barci. Shi ya sa masu sha suke cewa sigar da aka naɗa yanzu ko dai a sha ta cikin 'yan kwanakin farko, ko kuma a bar ta ta huta na wasu makonni, domin a tsakanin nan ne take yin warin da ba a so. Saboda haka, Malam Sadauki, wadda aka naɗa a gaban idonka ita ce ta fi burge baƙo, amma ita ce za ta isa Kano a mafi munin lokacinta. Ka tambayi mai shagon ko yana da wadda ya naɗa watanni biyu ko uku da suka wuce ya ajiye a ɗakin laimarsa. Idan ya ce yana da ita kuma ya nuna maka ranar da aka rubuta a jikin ɗaurin, wannan alama ce ta mutumin da ya san aikinsa.

Dan_Batouri:
Tun da an yi maganar ganyen rufi, bari in gaya wa 'yan'uwa abin da da yawa ba su sani ba. Ɗaya daga cikin ganyayen rufin da ake ji da su a duniya a wajenmu ake noma shi, a gabashin Kamaru wajajen Batouri da kuma tsallaken iyaka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Asalin irin daga tsibirin Sumatra aka kawo shi, kuma ƙananan manoma ne suke shuka shi a gonakin da suka share a bakin daji. Kamfanin tabar gwamnatin Faransa ne ya daɗe yana riƙe da cinikin, da ya janye a farkon shekarun 1990 harkar ta kusa mutuwa, sai iyalin Meerapfel suka farfaɗo da ita. Abin da ke damuna shi ne manomin da ya yi wahalar bai taɓa ganin kara ɗaya da aka gama ba, balle ya san nawa ake sayar da shi a Amurka. Malam Sadauki, idan ka ji an ce maka rufin Kamaru ne, to namu ne, sai dai ganyen siriri ne ƙwarai kuma ba ya jure bushewa.

Injiniya_Orlando:
Wannan gargaɗi na Dan Batouri ya dawo da mu kan tambaya ta uku, wadda har yanzu ba a amsa ba, kuma ni a ganina ta fi sauran wuya. Ana ajiye siga ne a laimar da ta kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100, a zafin da bai wuce digiri 21 ba. A Kano lokacin hunturu laimar iska tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, wanda ke nufin idan aka bar ta a buɗe a kan teburi, cikin 'yan kwanaki ganyen rufin zai tsattsage ya fara warwarewa, ƙamshin kuma ya tafi ba ya dawowa. Iskar cikin jirgi ma busasshiya ce. Abin da za ka yi shi ne ka sa a zuba maka a leda mai zif, a jefa 'yar jakar daidaita laima a ciki, irin ta Boveda mai lamba 69 wadda kusan kowane shago yake sayarwa, sannan ka sa ledar a cikin robar abinci mai murfin da ba ya shigar da iska don kada kaya su danne ta. Ka sayi jakunkunan laimar da ɗan yawa ka haɗa wa dattijon, domin idan sun bushe sun yi tauri sai an canza. Idan kana da zaɓi, ka ɗauki mai rufi baƙi mai kauri, ya fi jure tafiya a kan siririn.

Mai_Nazari_Samaru:
Ƙari a kan na Injiniya, hunturu ba shi kaɗai ne abokin gaba ba, bazara ma tana nan tafe. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro da yake saka ƙwai a ganyen taba, ƙwan yana kwance har sai zafi ya haura digiri 22 ko 23 tare da laima, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ƙananan ramuka kamar na allura ta bar gari a ƙasan akwati. Manyan kamfanoni da dama suna daskarar da kayansu kafin su fitar don kashe ƙwan, ƙaramin shago kuwa ba lallai ne yana yi ba, wannan kuma wata hujja ce ga Baban Iman. A garin da zafin watan Afrilu yake kaiwa digiri 40, ya kamata a sa sigar a leda biyu a rufe da kyau, a bar ta a firiza kwana uku, a mayar da ita firji kwana ɗaya don ta dawo a hankali, sannan a fito da ita. Amma kada a mayar da firji wurin ajiya na dindindin, domin yana busar da ita kuma tana ɗaukar warin abinci.

Tsohon_Dillali:
Ni tambayata ita ce kuɗi. Na ji ana cewa ta ƙaramin shago ta fi araha tun da babu kuɗin talla da na akwati. Haka abin yake?

DanZongo_Bronx:
Alhaji, ya danganta da jiha da kuma unguwa. Jihar New York tana karɓar harajin kashi 75 cikin 100 na farashin sari a kan siga, Florida kuwa ba ta da irin wannan haraji a kanta, shi ya sa kaya iri ɗaya ya fi sauƙi a Tampa ko Miami a kan wurinmu. Sai dai shagon da ke kan titin da 'yan yawon buɗe ido suka fi bi yana sa kuɗin haya da na kallo a cikin farashi. Galibi idan ka sayi ɗauri guda marar zobe ana rage maka fiye da idan kana tsinta ɗaya-ɗaya, kuma babu laifi ka nemi ragi cikin mutunci. Malam Sadauki ya tafi da fasfonsa, domin tun ƙarshen 2019 doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba a duk faɗin Amurka, kuma wasu shagunan suna tambayar kowa.

Likita_Habana:
Akwai abin da ya kamata Musulmi ya kula da shi idan har zai saya. Wasu shagunan suna da nau'in da aka turara ko aka fesa da barasa irin su rom don ƙamshi, kuma a Viñales ma na ji wasu manoma suna lissafa rom da zuma da ganyen gwaiba a cikin ruwan da suke yayyafa wa nasu rabon. Yawanci ana ware masu ƙamshin a gefe guda, amma a tambaya ya fi. Ga wanda tafiya za ta kai Kyuba kuma, dokar kwastan ɗinsu da na sani ita ce ana fita da kara 20 marasa akwati ba tare da takarda ba, har zuwa 50 idan suna cikin akwatinsu na asali da hatimin gwamnati, abin da ya haura haka sai da rasiɗin shagon hukuma. Tun 2009 hatimin yana ɗauke da lambar da ake iya dubawa a shafin intanet na Habanos, kamfanin da ke kula da cinikin sigar Kyuba. Ina kuma sake jaddada abin da na faɗa da farko game da lafiyar dattijon, domin ingancin naɗi bai rage ko kaɗan daga cutarwar ba.

Sadauki_Fagge:
Na gode ƙwarai, na rubuta tambayoyin da zan yi: ina aka naɗa, ganyen ciki cikakke ne ko guntaye, yaushe aka naɗa, kuma an daskarar ko ba a yi ba. Abin da ya rage mini shi ne, tun da ba zan ɗanɗana ba, akwai abin da ido da hannu za su iya gane mini a nan take?

Baban_Iman:
Akwai, kuma ko da yake har yanzu ina kan ra'ayina na akwatin kamfani, zan gaya maka. Ka nemi izini kafin ka taɓa, kuma kada ka kai ta hancinka ta taɓa fata, domin wani ne zai sa a bakinsa idan ba ka saya ba. Ka riƙe ta tsakanin yatsu biyu ka bi ta a hankali daga kai zuwa gindi kana ɗan latsawa. Ya kamata ta ɗan nutsa ta dawo, kuma taurin ya zama ɗaya ko'ina. Inda ka ji dunƙule mai tauri, nan iska za ta toshe, inda ka ji rami kuma nan wuta za ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya. Idan ka ji tana ƙara kamar busasshen ganye, ta riga ta bushe tun a shagon. Ka dubi buɗaɗɗen gindin, ganye cikakke yana nuna ninki-ninki, guntaye kuwa suna zubowa idan ka ɗan buga a tafin hannu. Rufin ya kasance a miƙe sumul ba tsaga, kan kuma a rufe da kyau. Ka shinshini gindin daga ɗan nesa, idan warin da Mai Nazari ya kwatanta ya bugi hancinka ka ajiye ta. Ka kuma kwatanta goma daga ɗauri ɗaya, domin gwanin mai naɗi ana gane shi ne ta yadda aikinsa yake fitowa iri ɗaya a kauri da nauyi.

Dan_Batouri:
A kan baƙin rufin da Injiniya ya ba da shawara, a lura cewa baƙin na gaskiya daga doguwar tsimuwa yake zuwa kuma ba ya zama launi ɗaya tas, za ka ga wani wuri ya fi wani duhu. Idan ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa shuni, kuma ka goga da ɗan jiƙaƙƙen yatsa launi ya biyo sosai, akwai alamar an taimaka masa da rini. Duhun rufi kuma ba shi ne ke nuna ƙarfi ba, ƙarfin yana cikin ganyen ciki.

Hajiya_Damagaram:
Na karanta duk bayanan, kuma na ga irin wahalar da manoma da masu naɗi suke sha, ban raina sana'ar kowa ba. Amma har yanzu ina ganin Likita ya faɗi abin da ya isa a tsaya a kai, kuma Malam Sadauki yana iya kai wa dattijon wannan bayanin na lafiya ko da ya ɗauko saƙon.

Injiniya_Orlando:
Tsohon Dillali ya tambaye ni ta akwatin saƙo game da lambobin girman siga da ake rubutawa a jikin kantar shago, zan amsa a nan don kowa ya amfana. Lamba ta farko tsawo ce da inci, ta biyu kauri ne da ake aunawa da kashi ɗaya cikin 64 na inci. Wadda ake kira robusto tana da inci 5 da kauri 50, wadda ake kira Churchill kuma inci 7 da kauri 47, kuma ta biyun tana ɗaukar fiye da sa'a ɗaya kafin ta ƙare. Malam Sadauki, ka tambayi dattijon girman da ya saba da shi kafin ka tashi, domin mai shago zai fara da wannan tambayar. Kuma tsakanin ra'ayin Baban Iman da na DanZongo, babu abin da ya hana ka shiga shago biyu ko uku a titi na bakwai ka yi tambayoyin nan huɗu, ka ga wanda ya amsa ba tare da kwana-kwana ba, sannan ka leƙa El Reloj, inda suke zagayawa da baƙi kuma ana naɗin hannu a benen sama, ka kwatanta da idonka.

DanZongo_Bronx:
Baban Iman, batun daskararwa da Mai Nazari ya kawo na tambayi maƙwabcin nawa a kansa da yammacin nan. Ya ce shi ganyen yake sakawa a firiza tun yana cikin ɗauri kafin ya fara aiki da shi, amma ya tabbatar mini cewa ba kowane shago ne yake yin haka ba, saboda haka gara mai saye ya sake yi da kansa idan zai kai ta ƙasa mai zafi.